Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Kalmar "Steadfast" Ta Fito?

TAMBAYA: Malam, ina koyon Ingilishi a nan Zinder. An ce mana "steadfast" na nufin mutum tsayayye, alhali na san "fast" sauri ne. Yaya mai sauri zai zama tsayayye? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Madalla da tambayarka, ɗana. Kalmar haɗi ce ta guda biyu, kamar yadda mu ma muke cewa "jan-hali" ko "farin-jini". Ɓangarorin "steadfast" biyun duk tsofaffi ne, sun shigo Ingila a bakin ƙabilun Angul da Sakson da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5.

Rabin farko, "stede" a tsohon Ingilishi, wuri ne, wato inda ake tsayawa. Ka dubi garinku. Unguwar Zango ta samu sunanta ne saboda nan ayarin fatake ke yada zango, kuma sannu a hankali masauki ya zama gari. Haka ta faru da wannan kalma a Jamusanci, inda 'yar'uwarta "Stadt" take nufin birni. Da ita Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Zinder a ƙarshen 1852, zai kira garin a harshensu.

Rabi na biyu shi ya ruɗe ka. Asalin ma'anar "fast" shi ne abu mai ƙwari, wanda aka ɗaure tamau, ba ya motsi. Har gobe Jamusawa na cewa "fest" da wannan ma'ana. Ma'anar sauri daga baya ta tsiro: wanda ya dage da gudu, ya riƙe shi da ƙarfi, shi ne mai sauri. Daga tushen nan kuma azumi ya samu sunansa a Ingilishi, wato "fast", domin mai azumi kame kansa yake yi.

Idan ka haɗa su, "steadfast" shi ne wanda ya kafe a wurinsa, kamar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita. Mayaƙan da ba sa ja da baya aka fara siffantawa da kalmar, kafin ta koma kan mai riƙon amana. Bayan 1066 Normandawa sun cika Ingilishi da kalmomin Faransanci, ciki har da "constant" mai kusan wannan ma'ana, da ka sani tun a lakwal, amma tsohuwar ba ta gushe ba.

Don haka duk lokacin da doguwar kalma ta gagare ka, raba ta biyu, ka tambayi kowane ɓari asalinsa. Allah ya ba da sa'ar karatu.