Akwatin lasifika: me ya rage masa amo?

Mu lura

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji, Maradi, Agye da Gazawa. Motocin kasuwa suna bin ta dare da rana. A cikin wasu motocin akwai akwatin katako bayan kujera, da babbar lasifika a bakinsa. Kafintan gari ne yake haɗa shi. Aikin akwatin shi ne fid da amo mai kauri, irin na tambari. Amma sau da yawa direba ya kashe kuɗinsa, akwatin kuwa sai ɗan gunaguni yake yi. Mene ne dalili?

Mu gane

Amo girgizar iska ce. In makaɗi ya bugi ganga, fata ta yi rawa, ta tura iska har kunnenmu. Lasifika ma haka take. Tana da maganaɗisu da takarda mai kama da malfa. Lantarki ne yake sa takardar kai da komowa. Kunnen mutum yana jin girgiza daga 20 zuwa 20.000 a daƙiƙa guda. Amo mai kauri girgizarsa kaɗan ce, ba ta wuce 200 ba.

Ga abin lura: lokacin da takarda take tura iskar gaba, tana jan iskar baya. In iskokin nan biyu suka gamu, sai su kashe juna, kaurin amo ya ɓace. Akwati shi ne katangar da take raba su.

Mu bincika

Mai gyara na ƙwarai ba ya saurin sayen sabuwar lasifika. Yana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

1. Batir. Na mota bolt 12 ne. In ya yi sanyi, amo ma ya yi sanyi.

2. Waya. Siririyar waya, ko mai tsatsa a baki, ba ta kai isasshen lantarki. A kankare tsatsa, a ɗaure da kyau.

3. Alamun + da –. In lasifika biyu ne, aka juya wayar ɗaya, to wannan na turawa, waccan na ja, kamar shanun huɗa da kowane ya nufi gabansa. A taɓa wayoyin da ƙaramin batir na rediyo mai bolt 1,5, + ga +. Tilas takardun biyu su yo waje tare.

4. Takarda. Zafin rana yana busar da bakinta har ya yage. Ƙura kuma tana shiga, ta hana ta motsi.

5. Mahaɗin katako. Da hunturu katako yana bushewa, ya tsage. A kunna kiɗa, a bi mahaɗin da gashin kaza. Inda gashi ya kaɗa, nan iska take fita. A toshe da gam.

6. Kaurin katako. Siririn katako rawa yake yi, ya cinye ƙarfin amo. Mai kaurin milimita 18 ya fi dacewa.

Mu yi hattara

Kafin a taɓa wayoyin mota, a fara cire wayar – daga batir. In + da – suka haɗu, wuta tana iya tashi. Wannan aikin manya ne, yaro ya tsaya ga kallo. Kiɗa mai ƙarfi ainun yana ɓata kunne, yana kuma hana direba jin oda.

Mu gwada

Ku samo ƙaramar lasifika ta tsohuwar rediyo, malam ya haɗa muku ita. Ku saurare ta a hannu. Sannan ku ɗora ta a bakin gora, ku liƙe gefen da ƙullun gari. Ku sake saurare. Wane bambanci kuka ji?

Mu riƙe

Amo girgizar iska ce. Akwati yana raba iskar gaba da ta baya. Akwati mai yoyo ba ya ba da amo mai kauri.

Tambayoyi

1. Me yake sa takardar lasifika motsi?
2. Don me ake sa lasifika cikin akwati?
3. Yaya ake gane wurin da iska take fita?
4. Ku ambaci kayan kiɗa uku na garinku masu ƙoƙo ko rami a ciki.
5. Ku rubuta sakamakon gwajinku da Hausa, sannan da Faransanci.