Shukar Ƙahon Barewa Ba Ta Son Tukunyar Ƙasa

Wasu masu sayen Platycerium, shukar ado mai ganye kamar ƙahon barewa, sukan dasa ta cikin tukunya cike da ƙasa. Hakan kan iya sa saiwarta ta ruɓe. A dazukan Ostireliya da kurmin Afirka ta Yamma, jikin bishiya take maƙalewa ta rayu.

Don haka mai ita ya samo katako, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ya ɗora saiwar a kai. Sai ya ɗaure da zaren fatsa, ya rataye inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta kai tsaye.

Ban ruwa kuwa, a tsoma katakon cikin baho na minti 15, a bari ya tsane kafin a mayar. Sau ɗaya a mako ya isa, amma lokacin hunturu a riƙa taɓa zaren ɓawon kwakwar, in ya bushe ƙayau a ƙara.

Faffaɗan ganyen gindi yakan koma ruwan ƙasa. Kada a cire shi, shi ke kare saiwa yana tara mata abinci. Farin gashin da ke kan koren ganye ma kada a goge, yana rage mata asarar ruwa.