Jinyar Tsoho Ba Ta Mutum Ɗaya Ba Ce

Tambayar da iyalai suka fi kawo mini ita ce: "An sallami Baba daga asibiti, amma ba ya iya tashi, yanzu yaya za mu yi?" Asibiti kan magance ciwon da ya taso ne. Abin da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙugu, ko gigin tsufa kuwa, jinya ce ta watanni, wani lokaci ta shekaru. A nan gidaje da yawa suke durƙushewa.

A da, gida cike yake da 'ya'ya da jikoki da surukai, jinya ba ta yi wa kowa nauyi. Yau 'ya'ya sun watsu neman abinci, sai a bar komai a wuyan mace ɗaya, matar ɗa ko 'yar da ke zaune a gida. Ga kuma rashin kuɗi. Yawancin tsofaffinmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Dokar fansho ta 2004 ma'aikatan albashi ta shafa, ƙaramin fanshon masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a 2019 kuwa ya tarar da su sun riga sun tsufa.

Jamus ta kafa inshorar doguwar jinya a 1995, Japan ta bi sahu a 2000, inda duk wanda ya kai shekara 40 yake biyan nasa kason. Mu ba mu da irinta. Muna da cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da ta fara aiki a 2021, da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin masu raunin da za a tallafa wa. Sai dai inshora magani da ganin likita take biya, ba ta biyan mai wanka da mai raba dare. Saboda haka dole gida ya yi nasa shirin.

Ku fara da zaman iyali tun makon farko. A rubuta abin da wata zai ci: magani, kunzugun manya, abinci, kuɗin gashin ƙashi da na mota zuwa asibiti. Kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata, a zuba a asusu ɗaya, mutum biyu su riƙa lura da shi. Naira dubu biyar da ba ta fashi ta fi dubu hamsin da sai ranar sallah ake ganinta.

A cikin lissafin nan a sa haƙƙin mai jinya. A yanka mata wani abu, a kuma ware ranar da wani zai karɓe ta. Yawancin tsawa da hantarar da tsoho ke sha gajiya ce ke haifar da su, ba rashin imani ba. Sannan a yi wa tsohon rajistar inshora a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, kamar KSCHMA a Kano, domin kuɗin magani ya ragu.

Ingancin jinya kuwa ba duka ne ke cin kuɗi ba. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugunsa da dugadugansa kullum, domin gyambon kwanciya da jan fata yake farawa. A zaunar da shi kafin a ba shi abinci, kada ya shaƙe. A sa fitila a hanyar banɗaki, a samar masa kujerar bayan gida. Kada a daina maganin hawan jini ko na suga don an ga sauƙi. Idan Inna ta fara mantuwa da surutai, cutar ƙwaƙwalwa ce, ba maita ba ce, likita za a kai ta.

Akwai tsofaffin da ba su da kowa, waɗannan haƙƙin unguwa ne. Zakkarka ba ta halatta ga iyayen da ciyar da su ya wajaba a kanka, amma ta halatta ga tsohuwar maƙwabta matalauciya. Kwamitin masallaci na iya sayen keken guragu da katifa da gadon asibiti su zama wakafi, a riƙa ba da aronsu gida-gida. Gwamnatocin jihohi kuma su horar da masu jinyar gida, su ware kuɗin da ma'aikatan asibitocin matakin farko za su riƙa kai wa kwantattu ziyara.

Kai da ka haura arba'in, tun yanzu ka fara ajiye wani abu da sunan tsufanka. In kuma kana da tsoho a gida, kira 'yan'uwanka ku zauna cikin makon nan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.