DARASIN MOTA: INJIN GAS KO NA FETUR? ABIN DA HANYAR TIT TA KOYA MANA

'Yan'uwa fatake da dillalai, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimi da rago, mu taɓa maganar akori-kura, wato ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Shanu dai babbar mota ke ɗaukarsu, wannan kowa ya sani. Amma zagayen mashekarin makiyaya, da kai dusa da ruwa, da kwaso raguna ko 'yan maruƙa zuwa inda tirela take jira, duk aikin akori-kura ne. Tambayar da matasanmu suka fi yi mana ita ce, wane inji ya kamata mutum ya saya? To, ga abin da muka koya a hanyar arewa.

Ina ne Tit?

Tit ƙaramin gari ne a kudancin Aljeriya, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Tamanrasat, a kan babbar hanyar da ta ratsa Sahara. A nan hanya take rabuwa: ɗaya ta miƙe arewa zuwa In Salah, ɗaya ta yi yamma zuwa Abalesa. Masu tarihi sun san garin saboda yaƙin da aka gwabza a 1902 tsakanin Abzinawan Ahaggar da sojan Faransa. Mu kuwa da muke kai dabbobi Tamanrasat muna musanya su da dabino, mun san shi a matsayin wurin da mota take faɗa wa mai ita gaskiya, domin ƙasar tudu ce, ta haura mita 1,000 bisa teku, ga dutse, ga yashin kwari, ga ƙura.

Mas'ala ta farko: injunan da ake samu

Su uku ne a taƙaice.

Na ɗaya, tsohon injin gas, wanda mutanen Nijar ke cewa gazuwal. Sarkinsu shi ne 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ƙannensa su ne 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 na tsohuwar Hilux. Ba su da gudu, amma ba su da rainin abinci, kuma kusan duk bakanike daga Agadas har Kano ya san cikinsu.

Na biyu, sabon injin gas mai tabo, wanda na'ura ke auna masa mai. Misalinsa 2KD mai lita 2.5, da 2GD mai lita 2.4, da 1GD mai lita 2.8, waɗannan biyun na baya sun fito da Hilux ta 2015. Akwai kuma 1VD mai silinda 8 da aka sa wa Land Cruiser tun 2007. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai. Amma nozul ɗinsu ba ya yafe ɗigon ruwa ko ƙura, kuma in ya lalace ba a gindin bishiya ake gyara shi ba.

Na uku, injin fetur, kamar 1FZ mai lita 4.5, da 1GR mai lita 4.0, da 2TR mai lita 2.7 na Hilux. Yana da zafin nama a cikin yashi, yana tashi da asuba ba gardama ko da sanyin hunturun Ahaggar. Illarsa ɗaya: maƙoshi.

Mas'ala ta biyu: me ya sa suke bambanta wajen sha?

Lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma injin gas ya fi matse iska kafin ya ƙone mai, saboda haka ya fi cin moriyar abin da aka ba shi. Sai kuma tudu. Duk hawan mita 100, injin da ba shi da tabo yana rasa kamar kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa, domin iska tana raguwa. Kun ga ke nan 1HZ da ke nishi lafiya a Agadas, in ya iso Tit ya bar wani kaso na ƙarfinsa a hanya. Direba marar sani sai ya ƙara taka totur, mota ta yi ta aman baƙin hayaƙi. Wannan hayaƙin fa kuɗinka ne da bai ƙone ba. Maganinsa a sauko da giya, a bar inji ya numfasa.

Mas'ala ta uku: lissafi

Mu ƙaddara, alal misali, motar gas tana shan lita 13 a kilomita 100 da lodi, ta fetur kuma lita 20. Farashin da hukumar Aljeriya ta tsayar a 2020 shi ne kimanin dinari 29 litar gas, fetur kuwa 45 da ɗoriya. Ke nan kilomita 100 ta ci wa mai gas dinari 377, mai fetur kuma 900. Amma kada mutum ya ɗauki wannan hukunci ya kai shi ko'ina. A Najeriya gas ya daɗe yana fin fetur tsada, ko da yake cire tallafi a 2023 ya rage tazarar. Kowa ya yi lissafi da farashin inda ya fi shan mai.

Akwai kuma nauyi, wanda mutane ke mantawa. Daga Tamanrasat zuwa In Gezzam, bakin iyaka, kimanin kilomita 400 ne, kuma ba kullum ake tarar da mai a gidan mai ba. Duro mai lita 200 na gas ya kai kilo 170, wato gurbin matsakaitan raguna 4. Mota mai maƙoshi sau biyu take cin ka: a famfo, da kuma a wurin da dabba za ta tsaya. Saboda haka mu ba ma tambayar lita nawa ta sha, sai dai nawa man kowane kai ya tashi. Kuma a kiyaye: tsallaka iyaka da man da ya wuce na tanki, a dokar Aljeriya fasa-ƙwauri ne, yana jawo a ƙwace mota.

Abin da ya same mu

Wata shekara mun shiga yamma da Tit da sabuwar mota mai tabo, muka ɗauko raguna 16. Mai ya yi ƙasa, muka sayi jarka biyu a hannun wani mai duro, ba mu tace ba don muna sauri. Ba mu yi kilomita 20 ba mota ta fara shiƙa, ta mutu. Ashe ruwa ne a gindin duron. Tun hantsi muke nan har la'asar sakaliya kafin wata tsohuwar Land Cruiser ta ja mu. Raguna uku suka mutu saboda zafi da cunkoso, sauran suka isa kasuwa a yamutse, aka taya su yadda aka ga dama. Man da muka yi tsimi na wata shida, yini ɗaya ya cinye shi. Laifin ba na inji ba ne, namu ne da muka kai shi inda ba abincinsa.

Gwajin Tit

Tun daga nan, duk motar da za mu saya a can sai mun yi mata wannan gwaji. A cika tanki har baki a Tamanrasat, a ɗora buhunan da suka kai nauyin lodin da aka saba, a je Tit a dawo, kimanin kilomita 80, a sake cikawa a famfo ɗaya. Abin da ta sha a raba shi da 8, a ninka sau 10, ya ba ka shanta a kilomita 100. Sannan a ƙara sulusi saboda yashi da ɓatan hanya. Wanda ke Maraɗi ko Katsina ya nemi irin wannan tazara a wajensa. Maganar dillalin mota ba hujja ba ce, famfo ne shaida.

Sharuɗɗan tsimin mai

1. A karkaɗe matatar iska kullum in ana cikin ƙura.
2. A rage iskar taya a yashi, a mayar da ita da zarar an hau kwalta.
3. A cire giyar ƙafa huɗu in an fita daga yashi.
4. Gudun 80 ya fi na 110 sauƙin mai, ya kuma fi wa dabba sauƙi.
5. Man duro a bar shi ya kwanta, a tace, kada a zuƙo na gindi.
6. Mai tabo ya bar inji ya yi minti biyu yana aiki kafin ya kashe.

Bilhasali, wanda aikinsa daji ne da man duro, ya riƙe tsohon injin gas. Wanda ke bin kwalta daga gidan mai zuwa gidan mai, sabon mai tabo zai rage masa kashe kuɗi. Fetur kuwa sai ga mai gajeren zango. A zaɓi inji da sanin hanya, da irin man da ke kanta, da bakaniken da za a iya kira in dare ya yi.

Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu da riba. Wassalam.