Darasi na 14: Masu Zama a Ƙarƙashin Manyan Itatuwa

Karatu

Idan aka ce daji, yawancinmu dogayen itatuwa muke hangowa. Amma daji hawa-hawa ne kamar gidan bene. Manyan itatuwa su ne rufi, ciyayi da busasshen ganye su ne daɓe, a tsakani kuma akwai gajerun itatuwa masu fitar da rassa tun daga gindi. A ƙasar Hausa sabara da geza su ne misalinsu. A wannan darasi za mu tafi Turai mu duba dazuzzuka iri biyu. Yayin da kuke karatu, ku riƙe tambaya guda a zuciya: wane ne yake zaɓen wanda zai zauna a ƙasa?

Na farko shi ne dajin itatuwa masu allura, irin su fain da sifurus. An kira su haka domin ganyensu siriri ne mai tsini, kuma galibinsu ba sa kaɗe shi ko da sanyi ya tsananta. Wannan daji ya taso daga Suwidin da Finlan, ya ratsa Rasha, sannan ya sake bayyana a Kanada. A Finlan, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne.

Allurar da ta faɗo ba ta saurin ruɓewa. Tana da tauri, tana da ƙaro, ga kuma sanyi da ke hana ƙwayoyin halitta aiki, saboda haka takan yi shekaru tana taruwa kamar katifa. Ƙasar da ke ƙarƙashinta sai ta yi tsami. Tana, wato tsutsar nan mai juya ƙasa, ba ta son tsami, don haka babu mai cakuɗa ganyen da turɓaya. (Ku ja wasalin farko idan kuna kiran sunan tsutsar, kada ku haɗa ta da "tana" ta "tana zuwa".) Ruwan sama kuma yana wanke abincin tsiro zuwa can ƙasa, ya bar wata shimfiɗa mai launin toka. Rashawa suna kiran irin wannan ƙasa fodzol, ma'ana "ƙarƙashin toka".

Wane tsiro ne zai yarda da wannan talauci? Kaɗan ne ƙwarai, amma waɗanda suka yarda sun mallake wurin. Manyansu su ne bilbari mai 'ya'ya shuɗi-baƙi, da lingon mai 'ya'ya ja, kuma dukansu da kyar suke kai gwiwar mutum. Asirinsu yana cikin saiwa. Akwai wata funfuna mai zare-zare, dangin naman kaza, da ke zaune a cikin saiwoyinsu. Ita ce take narka matattun allurai ta ba tsiron sinadarin naitirojin, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa. Ba su dogara ga iri ba wajen yaɗuwa. Reshe ne yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa yana fitar da sababbin kawuna, shi ya sa idan gobara marar ƙarfi ta wuce sukan sake tohowa. Gajartarsu ma riba ce, domin dusar ƙanƙara tana lulluɓe su kamar bargo ta kare su daga iskar sanyi.

Ko a cikin wannan daji ba ko'ina ne ɗaya ba. Fain yana barin haske ya ratsa, kuma yana jure busasshen yashi, a nan lingon ya fi yawa. Sifurus ya fi duhu, ya fi son laima, a nan bilbari yake sarauta. Wani masanin daji ɗan Finlan mai suna Aimo Cajander ya lura da haka. A shekarar 1909 ya wallafa nazarin da ya rarraba dazuzzuka bisa ga ƙananan tsirran da ke ƙasa, domin su ne suke faɗin gaskiyar ƙarfin ƙasa ko da an sare manyan itatuwan. Daga baya mutumin ya zama firaministan Finlan har sau uku, amma ma'aikatan gandun daji da wannan nazari suka fi tunawa da shi.

Kada ku ɗauka maganar masana ce kawai. A Finlan da Suwidin kowa yana da 'yancin shiga daji ya tsinki waɗannan 'ya'yan itatuwa, ko da dajin na wani ne, har ma'aikata sukan zo daga Tailan lokacin tsinka. Idan masu katako suka dasa sifurus a cunkushe, duhu yana rage bilbari. Idan kuma suka aske dajin gaba ɗaya, zafin rana da dogayen ciyayi suna cutar da shi.

Yanzu mu gangara kudu zuwa dajin itatuwa masu faffaɗan ganye. Misali mai kyau shi ne dajin Biyalowiyeja da ke kan iyakar Folan da Belarus, inda ɓaunar Turai take kiwo, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1979. A wasu sassansa itatuwa irin su ok suna zubar da ganyensu wajen Oktoba da Nuwamba. Ganyen yana da laushi, tana tana janye shi cikin rami, ƙasa ta yi baƙi ta yi taki. Abinci ba shi ne matsala ba a nan, haske ne. Daga Maris zuwa farkon Mayu rufin dajin a buɗe yake, rana tana sauka har ƙasa. Mai hankali a cikin gajerun itatuwa shi ne mai sammako. Hezil, wanda yakan fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, yana fure tun kafin ya yi ganye, kafin manyan su rufe sama. Saboda wadatar ƙasa, nau'o'in gajerun itatuwa sun fi yawa a nan, sun kuma fi tsayi.

Sai dai faɗin ganye ba alkawarin haske ba ne. Akwai itacen da ake kira bic, mai yawa a Jamus. Inuwarsa tana da kauri, ganyensa kuma ba ya saurin ruɓewa, har mutum yakan yi tafiya mai nisa a ƙarƙashinsa bai ga komai ba sai jan ganye. A ganina wannan ya isa ya hana mu haddace cewa "mai allura talaka ne, mai faffaɗan ganye mai arziki". Abin dubawa shi ne yawan hasken da itace yake bari, da irin ganyen da yake zubarwa.

Saura abubuwa biyu. Idan guguwa ta kayar da tsohon itace, taga ta buɗe a rufi, tsuntsaye su kawo iri a cikin kashinsu, masu son rana su cika gurbin har sai rufin ya sake haɗewa. Barewa kuma tana cin toho. Inda ta yi yawa, abin da take so yakan ragu, mai ƙaya da mai ɗaci su rage.

Fain ba ɗan asalin Nijeriya ba ne, amma an dasa shi a wurare irin su Ngwo kusa da Enugu. Wanda ya shiga can zai taka katifar allura, ya ga tazara tsakanin itatuwa. Ba zai sami bilbari ba, amma idan ya kwatanta wurin da kurmin da ba a dasa ba, inda sai da adda ake ratsawa, zai ga aikin rufi a kan daɓe da idonsa.

Ma'anar kalmomi

Ƙaro: ruwa mai danƙo da ke fita daga jikin itace.
Funfuna: abin da ke fitowa a kan abincin da ya daɗe a wuri mai laima.
Toho: sabon ganye ko sabon reshe.
Sammako: fita da sassafe.
Kurmi: daji mai duhu da cunkoson itatuwa.

Nahawu

Ku lura da "mai" da "masu": itace mai allura, itatuwa masu allura. Kishiyarsu ita ce "marar" da "marasa": gobara marar ƙarfi, itatuwa marasa ganye. Ku nemo misalai biyar a cikin karatun, ku mayar da tilo jam'i, jam'i kuma tilo.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙasar dajin masu allura take yin tsami?
2. Wace ma'amala ce tsakanin bilbari da funfuna?
3. Don me aka kira hezil mai sammako?
4. Ku je gindin itatuwa biyu mabambanta a makarantarku, kamar mangwaro da dogonyaro. Ku rubuta jimloli shida a kan abin da ya tsiro a ƙarƙashin kowanne.