Mai ciwon ƙoda da yatsan da ya yi baƙi

Raina ya ɓaci ƙwarai a kan wani dattijo da muka yanke wa ƙafa kwanan nan. Yana da suga, ƙodarsa ta yi rauni amma bai kai ga wankin ƙoda ba. Watannin baya ya zo da ɗan gyambo a babban yatsa, ga zogi da dare, ba ya samun barci sai ya sauko da ƙafar ƙasa. Na taɓa bayan ƙafar, sanyi ƙalau, babu bugun jini. Na ce a zura siririn bututu ta gindin cinya, a zuba ruwan hoto don a ga hanyar jini, a hura balan-balan a buɗe jijiyar da ta toshe.

Babban ɗansa ya ce, "Likita, an ce ruwan hoton nan yana kashe ƙoda." Na zaunar da shi na yi masa bayani. Gaskiya ne ruwan yana da aidin, yana iya taɓa ƙoda, musamman idan eGFR, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 30. Shi ya sa muke auna creatinine tukuna, mu ƙara wa mutum ruwa, mu dakatar da maganin suga na metformin, mu rage yawan ruwan hoton, inda akwai kayan aiki ma a yi da iskar carbon dioxide. Ya ce za su yi shawara. Shiru.

Ashe wurin wanzami suka nufa. Aka yi tsaga a ƙafar da jini ba ya isa! Wani mai kemis kuma ya riƙa ɗirka masa allurar diclofenac kullum, maganin da ko almajirin asibiti ya san ba a ba mai ciwon ƙoda. Ƙodar da ake tattali ita aka ƙarasa. Da suka dawo da shi ruɓa ta wuce idon sawu, babu abin da bututu zai ceto.

Jijiyoyin mai ciwon ƙoda sukan ƙandare, toshewar takan sauka har ƙasan gwiwa, aikin bututun yana da wuya, wani lokaci ma ta sake toshewa. Duk da haka ya fi yanka. Tun 1964 Charles Dotter ya fara shi a Amurka, a ƙafar wata tsohuwa da ta ƙi yarda a yanke.

Kada a tsaga. Kada a gasa ƙafar da ruwan zafi. Taba kuma a bar ta. Diclofenac da ibuprofen, na sake faɗa, a'a.

Duk mai ciwon ƙoda ko suga da gyambon ƙafarsa ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, don Allah ku kai shi a duba jinin ƙafar.