Ƙarancin Kayan Aiki Ba Ya Hana Gano Mai Laifi

Sau da yawa a kan ji kuka cewa 'yan sandan karkara ba su da mota, ba su da na'urori, kuma yawansu bai kai girman gundumar da su ke tsaro ba. Kukan gaskiya ne. Amma ya kamata Hakimai da malamansu su sani cewa rashin kayan aiki ba shi ne babban abin da ke ɓata bincike ba. Gaggawa da duka sun fi shi ɓarna. Ga misali daga wata ƙasa mai nisa.

A cikin watan Yuni na 1892, a yankin Necochea, wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Ajantina ta Amurka ta Kudu, aka tarar an kashe yara biyu a ɗakin uwarsu. Ita ma uwar da rauni a wuyanta. Ta ce wani maƙwabcinsu ne ya yi wannan aika-aika. Nan da nan 'yan sandan garin suka kama shi, suka yi ta gana masa azaba don ya amsa laifi. Bai amsa ba, gama ba shi ya yi ba.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko Sufeto Eduardo Álvarez daga birnin La Plata. Shi bai taɓa kowa ba. Da farko ya bi diddigin maganar maƙwabcin, ya sami waɗanda suka shaida yana tare da su sa'ad da abin ya auku. Sa'an nan ya koma ɗakin ya duba shi a tsanake, har ya ga wani tabo a jikin ƙyaure, watau shatar yatsa ta busasshen jini. A shekarar 1891 wani ma'aikacin 'yan sanda na La Plata, Juan Vucetich, ya fara tara zanen yatsun waɗanda aka kama, domin ba mutum biyu da zanen yatsunsu ya ke zama ɗaya. Sufeton ya tuna da wannan. Ya sa zarto ya yanko wurin tabon, ya sa uwar ta dangwala yatsunta da tawada a takarda. Da aka gwada, sai ga shatar ta babban yatsanta na dama ce. Ta amsa laifi, aka ɗaure ta rai da rai, maƙwabcin ya kuɓuta. Wannan ce shari'ar kisan kai ta farko a duniya da zanen yatsa ya warware.

A lura da kayan aikin Sufeton: zarto, tawada, takarda, da haƙuri. Ba ƙauyen da ya rasa waɗannan. Da waɗanda suka fara zuwa sun wanke ƙyauren, ko da maƙwabcin ya amsa don ya huta da wahala, da marar laifi ne ya ƙare ransa a kurkuku.

A ƙasarmu ma doka ta toshe wannan hanya. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtar da kowa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da ita laifi, kuma bisa Dokar Shaida ta 2011 kotu ba ta karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tilastawa. Saboda haka wanda ya daki wanda a ke zargi, shari'ar ya lalata.

Galibi labari ya kan riski Mai Unguwa da Dagaci kafin ya riski ofishin 'yan sanda. Don haka a na jawo hankalin Hakimai ga abubuwa huɗu:

1. A sa mutum amintacce ya tsare wurin. Kada a share, kada a wanke, kada a ɗaga kome. Hausawa sun ce ɓarawo ya tsere, a kama wanda ya taka sawunsa, taron 'yan kallo kuwa shi ke shafe sawu.

2. Malamin Hakimi ya rubuta rana da sa'a, da sunan wanda ya fara gani, da kamannin abin da ya ɓata. In dabba ce, a rubuta launinta da shaidar da ke jikinta, a kai cigiya wurin Sarkin Fawa da dillalan kasuwannin kusa tun kafin ranar kasuwa.

3. A ji kowane mai shaida shi kaɗai, a rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗa, ba gyara.

4. A kare wanda a ke zargi daga hannun jama'a, a miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ya zama ƙarya.

Hakimin da ya tsare waɗannan ya ba ɗan sanda guda abin da mota goma ba za su ba shi ba, ya kuma sauke haƙƙin talakawan da aka danƙa masa amanarsu.